Ƙayar Kabarin Indo

Shekara arba'in ke nan da ƙasashen biyu suka haɗe, aka tumɓuke duwatsun kan iyaka, sai ga shi tarayyar ta watse. Yau da azahar za a kunna shingen lantarki, kuma duk ɓangaren da ya rufe da mutum, ya zama ɗan can har abada.

Indo, matar Malam Jatau, ta rasu da hantsi. Gidansu na kudu, maƙabartar garin na arewa.

A gurguje aka binne ta. Turakun ƙarfen da aka kafa cikin gonakin gero suka fara ƙugi kamar ƙudan zuma. Jama'a suka juya da gudu.

"Yaya, taho!" in ji Nomau, ƙanen Jatau. "Saura minti biyar!"

Jatau ya dubi kabarin. Ƙasa ɗanya, ba a ɗora ƙaya ba.

"Haka zan bar ta, kuraye su tone ta?"

"Jikokinka fa, Yaya?"

Jatau ya zare gatarin da ke hannun Nomau, ya nufi gindin bagaruwa.

Lokacin da kiran salla ya taso daga kudu, yana durƙushe yana jera ƙaya a hankali, ya fara daga wajen kanta.