Mai Fara Kallo

Suhaibu ya ɗauki hoton tuwon kafin ya wanke hannu. Haka yake. Ko atishawa ya yi sai ya ɗora a sitatus ɗin wayarsa.

Matarsa Karima ta yi mita har ta gaji. Ranar da ta ɓoye caja, wuni ya yi yana zagaye gida kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai.

"Mutum ɗari uku ke kallona," in ji shi.

Cikinsu har da wata Habiba da bai taɓa gani ba. Da "yi haƙuri, kuskuren lamba ne" aka fara, gogan naka ya adana lambar. Ba ta ɗaga kira, amma ita ke fara kallon duk abin da ya ɗora, ta biyo da addu'a.

A garinsu Magajin Gari kuwa hankali ba kwance yake ba. Cikin wata biyu an ɗauke mutum huɗu a hanyar daji, duk abokan Suhaibu. Kowa ya san akwai infoma, mai tsegunta wa 'yan bindiga motsin mutane. Suhaibu ya fi kowa jin zafi. Ya rubuta, "Allah ya tona asirin infoma." Habiba ta ce amin.

Ran Laraba yayansa Sadisu ya ɗaure buhu biyu a babur, zai tafi Tsohon Birnin Gwari.

"Sauke wayar nan. Ban gaya wa kowa tafiyar nan ba," in ji Sadisu.

Suhaibu ya yi dariya. Sadisu na juya baya ya ɗauke shi hoto, ya ɗora a sitatus. "Babban yaya, Allah ya kiyaye hanya."

Da la'asar aka tsinci babur ɗin, babu mai shi.

Kwana uku mahaifiyarsu ba ta sa komai a baki ba. Zargi ya sauka kan Bakoji mai faci, don shi ya sa wa Sadisu iska a taya. Matasa suka kewaye rumfarsa da gorori, Suhaibu a gaba, Bakoji na ta rantsuwa yana kuka.

Sai wayar Suhaibu ta yi ƙara. Idon Suhaibu na kan Bakoji, ya ɗaga bai duba ba.

Muryar Sadisu ce. "Ƙanena, ina hannunsu. Ga shugabansu zai yi magana."

Suhaibu ya ciro wayar daga kunne don ya karanta wa jama'a lambar 'yan bindigar. Babu lamba a fuskar wayar, suna ne: Habiba.