Yashi a Tankin Babur

Sharifu ya ɗura yashi a tankin babur, zuciyarsa na tafasa. Shi ne babba, amma ƙanensa Usama mahaifinsu ya zaɓa ya kai shi a babur ɗin daga Yekuwa har duwatsun arewa. Kullum Usama!

Da suka tashi, ya bi su da harara. Ko Magaria ba za su kai ba.

Daga bakin murhu Inna ta ce, "Kai, daina kumbura. Ka taɓa ganin saurayi ya bi iyaye neman aurensa? Ruma'isarka da iyayenta suka ƙaura can da ita, ita za a tambayo maka. Babanta ya ce in ba a iso yau ba, gobe zai ba wani."

Sharifu ya dubi tafinsa. Yashin bai ma gama kakkaɓewa ba.