Katantanwar da Baffa ya take

Wata rana ina yaro, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna zauren gidanmu a Fagge: ni, Baba, da ƙaninsa Baffa Sani.

Ina murza katantanwa a kan siminti, sai na ce, "Baba, duniya ma haka take. Juyawa ce ke riƙe da ita. Ranar da ta tsaya, faɗuwa za ta yi."

Baffa ya sa takalmi ya take katantanwar. "Ikon Allah ne ke riƙe da ita, ja'iri! Ce ka tuba."

"Baffa, ai ban musa ikonsa ba. Yadda ya tsara abin nake faɗa."

Baffa ya juya ga Baba. "Yaya, ka ji ko? Ko ya janye, ko bulala."

Da farko Baba ya lallashe ni, sannan ya tsawata. Daga ƙarshe na miƙa hannu da kaina. Na sha bulala, ban janye ba.

Yau fanka nake sayarwa a Sabon Gari, karatuna bai wuce sakandare ba. Na ji har gobe masana na gardama kan abin da ya hana taurari watsewa. Wataƙila na yi kuskure, amma ban yi saɓo ba.

Don Allah, in ɗanka ya fara irin wannan magana, bari ya kai ƙarshenta.