Hudar Masanin Taurari

Kwana na uku ke nan Bogumil, mai kula da zauren shari'a, yana goge layin tagullar da ke daɓen zauren da hannun hagu, don na daman a naɗe yake da tsumma. Ƙaninsa Wit kuwa yana kurkuku a ƙarƙashin wannan daɓen, an yanke masa hukuncin kisa a kan wani fatake da aka tsinci gawarsa a kogin Wisla.

Layin nan aikin masanin taurarin garin ne, wanda ya rasu tun zamanin kakanni. Shi ya huda bangon hasumiya, ta yadda idan rana ta take, tsinken haske zai sauko a kan tagullar. Shi ya yi ne don auna kwanakin shekara, amma mutanen gari suka mayar da abin alƙali. Hauni ba ya ɗaga gatari sai haske ya taɓa layin. In aka yi kwana uku bai taɓa ba, to Allah bai yarda ba: sai a saki mutum, a kai shi majami'a ya rantse, ya faɗi duk abin da ya sani.

Wit bai ce uffan ba tun da aka kama shi. Ga shi mutum ne da kowa ya san ko za a yanka shi ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

Kwana biyun farko hadari ya rufe gari. Yau kuwa sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Zauren ya cika maƙil.

Rana ta kusa takewa, amma ko alamar tsinken hasken babu a daɓen. Mutane suka fara kallon juna, wasu na ja da baya. Wata mai sayar da kifi ta ce, "Tsohon nan ne ya toshe abinsa daga kabari. Dama an ce bai so a zubar da jini da shi ba."

"Rufe mana baki, uwar surutu," in ji magajin gari. "Wani ya hau ya duba."

"Aikina ne, ranka ya daɗe," in ji Bogumil.

A bakin matakala mahaifiyarsu Dobrawa ta riƙo rigarsa. Kanta ba ɗankwali, gwiwoyinta duk ƙura. Ta raɗa masa, "Na gode Allah da kai ne za ka hau, ɗana. Ka ce ba ka ga komai ba."

"To, Inna."

Matakala ɗari da tara ya taka, raunin hannunsa na zugi. Kwana goma ke nan da ciwon, ya ƙi warkewa. A can sama ya tarar da jan ɗankwalinta cushe a cikin hudar. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta hawo har nan. Ya durƙusa ya yi kuka mai isarsa, don Allah ya sani yana son ƙaninsa.

Sai ya sa hannu ya zare ɗankwalin.

Haske ya sauka a kan tagullar, ihun mahaifiyarsa ya biyo shi har saman hasumiya. Ya zauna ya warware tsumman hannunsa, yana duban shatin haƙoran da fataken ya bar masa ranar da Bogumil ya danna masa kai cikin ruwa, a kan idon Wit.