Lissafin Jan-baki

Tun da aka kafa dokar, malami ba ya fita taron ƙasar waje sai na'ura ta yarda zai dawo.

Karo na huɗu ke nan Dakta Asabe tana miƙa wa ma'aikacin tantancewa takardar gayyatarta zuwa taron masana lissafi.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," in ji ma'aikacin. "Na'ura ta ce ba za ki dawo ba."

"'Ya'yana uku suna Haɗeja! In bar su ga wa?"

Ya juyo mata allon ta gani. Nan take ta gane lissafin. Nata ne, wanda ta shekara tara tana haɗawa don gano inda tsuntsayen jan-baki za su sauka a gonakin shinkafa.

"Malam, wannan ai na tsuntsaye ne."

"An ce wadda ta yi shi ba ta kuskure, Hajiya. Na gaba!"