Tafin Hannuna a Bakin Kasuwar Kurmi

Ina ɗan shekara tara na tashi daga wani dogon zazzaɓi, tafin hannuna fari fat, ƙafafuna kullum da sanyi. Na ji matan gidanmu a unguwar Soron Ɗinki suna raɗa, wai an shanye min jini. Na yarda. Na daina wasa, na zauna a zaure ina jiran mutuwa.

Babana maɗinkin hula ne, ba shi da yawan magana. Wata rana bayan la'asar ya soke allurarsa a jikin hula ya ce, "Tashi mu je."

"Baba, ba ni da jini fa."

"Wa ya auna? Ɗaga ƙafa."

Muka yi ta sauri cikin lungu har bakin Kasuwar Kurmi, ina haki, gumi ya jiƙe min riga. Ya tsaya, ya kama hannuna ya buɗe. Tafin ya yi ja, ga ɗumi. Ya danna da babban yatsansa mai kanta, wurin ya yi fari. Ya saki, jan ya dawo.

"Ka gani? Yana nan. Zama ne ya kwantar da shi."

Yanzu ciwon suga ya mayar min da sanyin ƙafa, likita ya ce in riƙa tafiya. Ina yi, ni kaɗai, ta wannan lungun. In na kai bakin kasuwa sai in danna tafin da kaina. Jan yana dawowa. Sai dai babu mai ce min yana nan.