Ramammen da Ke Cikin Madubi

Bayan la'asar Tahir ya iso gidan su Sundus a Jurf, sanye da riga mai kauri duk da zafin Madina. Ya shekara da shekaru yana ɗaga ƙarfe har kafaɗunsa na cika ƙofa, amma sai ya zauna a takure.

Idonsa a ƙasa ya ce, "Sundus, gara ki fasa aurena. Duk sanda na duba madubi, wani ramamme nake gani. Allurar ƙara tsoka nake yi a ɓoye, har likita ya ce hantata ta taɓu. Na kasa bari."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Wallahi na zaci wata ka samu. Alhamdulillahi da na ji daga bakinka. Ba zan fasa ba. Amma magana ta ƙare, gobe za ka koma wurin likitan, ni da yayana za mu raka ka."

Ya ɗago, idonsa ya ciko da ƙwalla. "Allah ya saka miki da alheri. Har kin yarda da ni a haka?"

"Kai nake so, ya Tahir. Ka bar min kanka da rai."